Babban Yatsan Kawu

Mahauta ne suka fara zuwa. Tun rana ba ta ɗaga ba suka kife teburansu a bakin titin Kwanar Dangora, suka zo da rigunansu masu ƙanshin hayaƙi da ƙuli-ƙuli, suka jeru a kan tabarmi a ƙofar gida. Bayansu direbobi, sai 'yan acaɓa, sai tsofaffin 'yan dambe daga Burumburum da Tudun Wada, wasu da sanda, wasu ana riƙe da su. Wani tsohon makaɗi ya zo ba kalangu, amma yatsunsa ba su daina motsi a kan gwiwarsa ba. Duk wanda ya iso sai ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya." A cikin gida kuwa kukan Umma, mahaifiyata, ƙanwar Kawu mamacin, yana tashi yana sauka, mata suna ce mata ta yi salati.

Makaɗin nan ne ya fasa shirun.

"Duk tsawon damben da ya yi," in ji shi, "sau biyu kacal bayansa ya taɓa ƙasa. Kuma mutum ɗaya ne ya kai shi."

Na ga kawuna suna juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa hanyar garin Yako.

Mutumin nan ɗaya shi ne yayan Inna, matar Kawu. Ido ɗaya gare shi, ɗayan Kawu ne ya tsiyaye shi a fagen dambe. Sama da shekara arba'in bai taka gidan nan ba, ba suna, ba biki, ba dubiya. Da asubar ranar, bayan Kawu ya cika, Inna ta sa aka kira shi a waya. Ya saurara, ya yi salati, ya kashe wayar. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Inna kuwa ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin da gawar take, ta ce ruwa ba zai taɓa mijinta ba sai yayanta ya iso. Masu haƙar kabari sun aiko sun gama. Hadari yana haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin.

Ni kuma ina zaune cikin masu karɓar gaisuwa da saƙo a bakina, saƙon da ya kamata ya isa Yako tun Kawu yana numfashi. Ni na hana shi isa.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Kawu, don kuma kada a tuna shi rabi da rabi. Masu zuwa gaisuwa sun faɗi alherinsa, kuma gaskiya suka faɗa. Ba motar da za ta lalace a Kwana fasinja su kwana da yunwa yana da sauran nama a tebur. Na taɓa ganin ya naɗe tsire goma ya miƙa wa wata mata mai goyo, da ta fara kwance bakin zaninta sai ya ɗaure fuska ya ce, "Na jiya ne, dama karnuka zan ba." Ƙarya yake yi, a gabana ya sauke shi daga wuta. Haka yake kyauta, da faɗa, kamar an tilasta masa.

Ni ma da faɗan ya cece ni. Tun ina makaranta nake hayar littattafan soyayya a kasuwa, in ɓoye su a ƙarƙashin katifa. Ranar da Umma ta gano su ta tara su a bakin murhu, sai ga Kawu ya shigo. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi sama da ƙasa, don shi ba ya karatun boko.

"Me ke ciki?"

"Shirme, Yaya," in ji Umma. "Wane yana son wance."

"To ke da aka kawo ki gidan nan, ba wane ne ya so wance ba? Ba ni su. Kai kuma gobe bayan la'asar ka zo ka karanta mini. In shirme ne ni zan ƙona da hannuna."

Tun daga ranar ya sa mini suna Malamin Soyayya, har na girma na zama malamin firamare bai canja ba. Yana jera nama a tsinke ina karatu. In saurayi da budurwa suka daɗe suna musayar kallo da wasiƙu sai ya tsayar da ni.

"Shafi nawa ke nan suna kallon juna?"

"Wajen ashirin, Kawu."

"Ɗan aike ya yi yawa, mai gida bai zo ba. Wannan yaron ba zai yi kisa ba."

Maganarsa ke nan a kan komai. A dambe hannun dama shi ake ɗaurewa da kara, wato ƙyalle da zare, shi ke kisa, ya kayar da mutum. Hagu a buɗe take, ita ce garkuwa, da ita ake tare bugu, da ita ake auna tazara. Yara duk damar suke kallo. Kawu kuwa ya ce hagu ɗan aike ce, dama mai gida, kuma kafin ka san mutum sai ka ga irin wanda yake aikowa.

Shi ya sa da aka buɗe gidan kallo a bayan tasha, aka fara sa kaset na damben Turawa, manyan nan masu nauyi da ke sa safar hannu, Kawu ya zama kamar limamin wurin. Ba ya zuwa kallon ƙwallo, ba ya zuwa fim. Amma ranar dambe zai bar wa yaransa tebur ya zo ya zauna a benci na gaba, tsinken tsire a bakinsa. Bai damu da sunayen zakarun ba, shi ya raɗa musu nasa. Kuma ba ya kallon bugun da ke kayarwa. Naushin nan na hagu yake kallo, miƙaƙƙe, wanda ake jefawa a janye, a jefa a janye.

"Wannan Mai Rawa," zai ce, yana nuni da tsinken. "Hagunsa bulala ce. Ba nauyi, amma sau uku za ta same ka kafin ka gama ƙifta ido. Ba don ya ji maka ciwo yake yi ba, don ya raina ka ne. Ka fusata ka shigo, ka kawo kanka."

In aka sa na wani ƙato mai faɗin kafaɗa sai ya gyara zama. "Tabarya ke nan. Wannan ba ɗan aike ba ne, mai gida ne ya ari rigar ɗan aike. Kafaɗa duka yake bi da ita. Guda ɗaya, wuyanka ya koma baya kamar na rago a hannuna. Amma ku duba, a hankali take komawa gida. A hanyar komawa ake kama shi."

Akwai Dogo, wanda Kawu ya ce tela ne ya ɓata hanya, awo kawai yake yi, ya ajiye maka hannu a goshi kana dukan iska. "Ba daɗin kallo, amma zai tsufa da haƙoransa." Akwai Gajere, wanda ba shi da tsawon hannu, da ƙafa yake aika nasa, ya sunkuya ya taka, hagu ta taso daga ƙasa. "Ba bugu yake nema da ita ba, ƙofa yake so a buɗe masa."

Sai na biyar, Siririn Ƙafa. Ko ni da ban san komai ba ina ganin bambancinsa. Hagunsa tana da saurin bulala da rabin nauyin tabarya, kuma kafin ka ga fitarta ta koma. Duk gidan kallon sun yarda shi ne gaba. Kawu kaɗai ya ƙi.

"A mayar baya," zai ce. A mayar. "Tsaya nan. Ku dubi babban yatsa."

"Haba Baba," in ji wani direba wata rana, mai baki ne dama, "safa ce fa a hannunsa. Ina ka ga yatsa?"

"Ni na gani. Yana leƙowa. Wannan ba ya cikin lissafi."

"Wallahi zalunci ne wannan. Ya fi Mai Rawa, ya fi Tabarya, ya fi su duka!"

"Na ce ba ya cikin lissafi."

Direban ya yi dariya ya juya ga jama'a. "Ikon Allah. Wai yau Baba ne ke maganar yatsa."

Kawu ya cire tsinken daga bakinsa, ya dubi direban har dariyar ta bushe a fuskarsa. Na ɗauka mari zai biyo baya, kuma kowa ya san abin da marin Kawu ke nufi ko da ya tsufa. Sai kawai ya tashi ya fita. Wata guda bai sayar wa direban nama ba, bai amsa gaisuwarsa ba. Ranar da matar direban ta haihu kuma, Kawu ne ya feɗe ragon sunan, bai karɓi ko ƙafa ba.

A ranar na fara lura da hannunsa. Kullum hagun Kawu a dunƙule take, babban yatsa a ciki, sauran huɗun sun rufe shi. Haka yake tafiya, haka yake zama, haka yake barcin rana a benci. Sai in zai riƙe nama ko zai yi alwala yake buɗe ta, da ya gama ta koma. Na tambayi Umma ta ce, "Halin 'yan dambe ne." Amma na ga 'yan dambe da yawa, ban ga mai ɓoye yatsa ba.

Labarin kuwa kowa ya san shi, ni ma da shi na tashi. Inna tana budurwa a Yako, kyakkyawa, in ji tsofaffi, har samari kan canja hanyar gona don su wuce ta ƙofar gidansu. Mahaifinsu ya rasu, yayanta ne ke riƙe da ita, kuma shi ne zakaran damben yankin a lokacin. Da Kawu ya aika neman aure, yayan ya rantse a gaban mutane cewa ba ɗan damben da zai ba ƙanwarsa sai wanda ya kai shi ƙasa. Kaka biyu a jere Kawu yana shiga fage da shi, sau biyu ana ɗauke shi. A kaka ta uku, a Burumburum, a turmi na ƙarshe, Kawu ya kai shi ƙasa, amma idon yayan na dama ya tafi. Yayan ya ce yatsa aka soka masa da gangan. Kawu ya rantse a gaban manya cewa tsautsayi ne. Manya suka karɓi rantsuwa. Yayan ya cika alkawari ya ɗaura aure da bakinsa, daga nan ya bar dambe, ya koma gaban malamai, har ya zama shi ke wankan gawa a Yako. Bai hana Inna zuwa gida ba, amma shi bai taɓa zuwa nata ba.

A wurina ba littafin da ya kai wannan. Na sha kwanciya ina hango Kawu da ƙuruciya, ƙura tana tashi, kalangu yana kiran sunansa, zuciyarsa kuma tana Yako. Har na taɓa rubuta labarin a littafin makaranta, na mai da yayan mugu mai baƙar zuciya, na ba shi murya irin ta kura. Ban taɓa karanta wa Kawu wannan ba, kuma na gode Allah.

Da daminar bana ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Wata Talata bayan la'asar na same shi a zaure an jingina shi da filo. Gidan kallon ya daɗe da rufewa, yanzu a wayata nake nemo masa tsofaffin damben.

"Malamin Soyayya, sa mini Siririn Ƙafa."

Na yi mamaki, na sa. Ya kawo wayar dab da fuskarsa ya kalla har ƙarshe, bai ce a mayar baya ba.

"Shi ne gaba," ya ce. "Ya fi su duka. Ƙarya nake masa, ban taɓa ganin yatsansa ba. Nawa nake gani."

Ya ɗaga hagunsa a dunƙule ya ɗora a kan cinya.

"Turmi na uku, rana ta yi ja, numfashina ya ƙare. Na san in aka ƙara kaɗan yayan Innarku zai kashe ni karo na uku, kuma ba ni da fuskar dawowa karo na huɗu. Na miƙa hagu kamar zan auna. Na ga idon. Na fitar da yatsa na nufe shi. Ya runtse, na kawo dama. Jama'a damar suka gani." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Bai taɓa neman komai a wurina ba, sai dai in faɗi gaskiya. Ni kuma na riga na rantse. Juma'a ka zo da babur ɗinka ka kai ni Yako. Kada ka gaya wa kowa, za su ce jikina ba zai ɗauka ba."

Na ce to.

A nan ne nawa laifin yake. Akwai wata yarinya a Bebeji da na yi shekara ina nema, sai a makon ta aiko cewa in zo ranar Juma'a, mahaifinta zai gan ni. Na kwana biyu ina auna abin, na ce wa kaina Yako ba za ta gudu ba. Da hantsin Juma'a na leƙa zaure, na tarar Kawu ya sa an yi masa aski, ya sa farar riga, hularsa a gwiwa. Na ce masa babur ya lalace, sai Juma'a mai zuwa. Ya dube ni, ya dubi takalmina da na goge.

"Allah ya kai mu," ya ce.

Laraba da asuba ya cika.

Shi ya sa da safen nan, kafin mutane su cika, na ja Yaya, babban ɗan Kawu, bayan gida na gaya masa komai. Ya kama wuyan rigata.

"Ka rufe bakinka. Ubana ya mutu da mutuncinsa. Duk ƙasar nan an san tsautsayi ne. So kake a ce ya yi rantsuwar ƙarya, yana kwance ba ya iya kare kansa?"

"Yaya, shi ya aike ni."

"Cewa ya yi ka kai shi. Ka kai shi?"

Ya saki rigata ya koma wurin masu gaisuwa.

Rana ta yi tsaka, hadarin ya rufe ta. Liman ya aika ciki sau biyu a ba Inna haƙuri, ya ce jinkirta gawa ba kyau, kuma in ruwa ya sauko kabari zai cika. Inna ta ce ta ji. Ba ta motsa ba. Yaya ya shiga da kansa, na ji muryarsa ta ɗaga, na ji tata ba ta ɗaga ba: "Ni na haife ka. Koma waje." Iska ta fara ɗaga gefen tabarmi. Wasu direbobi suka fara duba agogo.

Ɗigon farko yana sauka sai ga acaɓa daga hanyar Yako. Wani dogon tsoho ya sauko, ya rame amma kafaɗun suna nan, gurbin idonsa na dama a shafe. Tsofaffin 'yan damben suka miƙe tsaye, har masu sanda. Yatsun makaɗin suka tsaya. Tsohon ya ɗaga hannu ya yi wa jama'a gaisuwa ɗaya, ya tsaya a bakin zaure kamar mai auna tsayin dokin ƙofa, sannan ya taka ya shiga. Ni da Yaya da Liman muka bi shi.

Inna ta ɗago ta dubi tsohon. "Yaya."

"Ya haƙuri?"

"Da godiya. Kai za ka yi masa wanka."

"Shi ya ce?"

"Ni na ce."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire babbar rigarsa ya miƙa mini, ya naɗe hannun 'yar ciki.

Mu huɗu ne a ɗakin. Ni ke zuba ruwa. Tsohon yana aikinsa a natse, ba gaggawa, kamar yadda ya yi wa ɗaruruwa. Ya gama ɓangaren dama. Ya zo kan hagu, ya tarar da ita a dunƙule, ta sandare, yatsan a ciki. Ya gwada buɗewa, ta ƙi.

"A bar ta haka, a zuba ruwa a kai," in ji Liman. "Ruwa na zuwa."

Tsohon bai sake ta ba. Yana riƙe da ita yana kallo da idonsa ɗaya. Yaya ya zuba mini ido ta saman gawar, ya girgiza kai a hankali. Na ji ruwan ya fara dukan kwano. Na tuna farar rigar nan da hula a gwiwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Baba," na ce, "akwai saƙo."

"Kai!" in ji Yaya.

"Bar shi," in ji tsohon, bai ɗago ba.

Na faɗa. Ban ƙawata ba, ban rage ba. Na ce ya ga idon, ya fitar da yatsa, ya nufe shi. Na ce ya san rantsuwarsa ƙarya ce. Na ce ya yi niyyar zuwa da ƙafarsa.

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Da bakinsa, Baba."

"Yaushe?"

"Talata waccan."

"Me ya hana shi zuwa?"

"Ni ne. Na ce masa babur ya lalace. Bebeji na tafi."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "Wurin mace?"

"Eh, Baba."

"Hm. Jininku ne."

Ya ajiye hannun Kawu a hankali, ya miƙe, ya fita daga ɗakin. Yaya ya dafe kai. "Ka gani? Ka ga abin da ka jawo?" Liman yana ta salati. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, na kashe Kawu sau biyu.

Amma tsohon bai nufi zaure ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ruwa yana dukan kansa, a gaban Inna. Muna jin su ta labule.

"Ke. Ya taɓa ɗaga miki hannun nan?"

"Ko nuna ni bai taɓa yi da shi ba."

"Kin kwana da yunwa a gidansa?"

"Ban taɓa ba."

"Kin ji abin da yaron nan ya faɗa?"

"Ba yau na sani ba, Yaya." Muryarta ta karye a nan, karo na farko tun asuba. "Ina bakin fage ranar, da farantin gyaɗa a kaina. Ina daidai inda hannun ya fito. Na gani da idona. Da manya suka tambaya ko akwai wanda ya gani, na yi shiru, don ina son sa. Ba shi kaɗai ke neman gafararka ba."

A littattafan da na karanta, a nan ake rungume juna ana kuka. Ba a yi haka ba. Tsohon ya ce, "A ɗumo ruwa," shi ke nan.

Aka kawo ruwan ɗumi. Ya dawo jiƙe sharkaf ya durƙusa, ya ɗauki hannun ya sa a cikin ƙwarya, yana murza gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai lallashin yaro. Ƙaramin yatsa ya saki. Na kusa da shi ya saki. Ya bi su har huɗun suka miƙe. Babban yatsan yana kwance a tafin hannu, fari fat, kamar abin da bai taɓa ganin rana ba. Ya ɗago shi ya wanke.

"Matsoraci," ya ce wa Kawu, a hankali, kamar su biyu ne a ɗakin. "Shekara arba'in kana ɓoye mini shi, alhali ba wanda ya san shi kamar ni. Kuma ba ka buƙace shi ba. Ban taɓa tsayawa gaban hagu irin taka ba, turmi biyu tana cin fuskata. Ƙafafuna sun riga sun mutu ranar. Da ka yi haƙuri kaɗan, da ka kashe ni da halal."

Ya miƙar da hannun a gefen jikin, a buɗe.

"Sake shi haka. Na yafe maka duniya da lahira. Ita ma na yafe mata. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Yaya ne ya fara kuka, shi da bai zubar da hawaye ba tun asuba.

Cikin yayyafi muka kai shi. Sai da aka kwashe ruwa daga kabarin da ƙwarya. Tsohon ya ƙi yarda a karɓe shi a ɗaukar makara, kuma shi ya shiga kabarin ya karɓi kan.

An ce mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani, kuma haka ne. Shi ya sa bayan sadakar bakwai na hau babur ɗin nan da bai taɓa lalacewa ba na tafi Yako neman izini. Inna ta riga ta ce in rubuta. Yaya ya ce ba ruwansa, daga baya ya aiko cewa in zan rubuta kada in manta da matar nan mai goyo. Na sami tsohon a ƙofar gidansa yana gyaran carbi. Ya saurare ni har na gama.

"Rubuta," ya ce. "Ai ba aibinsa ka gani ba, tubansa ka gani. Amma ka rubuta da kyau cewa sau biyu na kashe shi. Biyu. Kada ka rage ko ɗaya."

Ga shi na rubuta, Baba. Biyu.

Ya Allah, ga Kawu nan ya zo maka da hannunsa a buɗe. Ka karɓe shi da rahamarka, ka yalwata masa makwanci, ka ba Inna haƙurin da ya fi wanda ta yi. Mu kuma da muka rage, kada ka bar mu mu ɗaga wa Juma'a mai zuwa abin da ya kamata mu kai yau.